Siklid Masu Faɗa a Ƙaramin Akwati: Tambayoyin da Masu Kiwon Kifin Ado a Kaduna Suka Fi Yi

Tun da aka san ina ajiye kifin ado a gida, da wuya mako ya wuce ba a turo mini hoton kifi mai yagaggiyar wutsiya ba, ana tambayar ko wace cuta ce ta kama shi. Yawanci ba cuta ba ce, duka ne ya sha. Da na ce a ɗauko mini hoton akwatin gaba ɗaya sai in ga abin da na saba gani: akwatin gilashi mai tsawon ƙafa biyu a kan teburin falo, duwatsu uku a tsakiya, siklid bakwai ko takwas, ɗaya yana sintiri kamar mai unguwa, sauran sun takure a kusurwa. Tambayoyin da aka fi yi mini ne na tara a nan.

Wai wane irin kifi ne siklid, kuma me ya sa ya cika faɗa?

Duk wanda ya taɓa cin karfasa ya san siklid, domin karfasa ɗan wannan dangi ne. Dangi ne babba, an tantance fiye da iri 1,600, mafi yawansu a Afirka da Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa da aka fi kawo mana asalinsu Tafkin Malawi ne, wanda ƙasashen Malawi da Tanzaniya da Mozambik suka kewaye. Ana kiran su mbuna, wato kifin duwatsu a harshen Tonga na bakin tafkin. Akwai kuma wasu irin siklid da ake kawo mana: oska daga yankin Amazon yake. Konbikt mai zanen baƙi daga Amurka ta Tsakiya. Filawahon mai ƙullutu a goshi kuwa babu kogin da ya fito, masu kiwo ne suka haɗa jinsinsa a ƙasashen Asiya irin su Malesiya a shekarun 1990.

Faɗan nasu ba mugunta ba ce. Namijin mbuna a tafki yana kama wani ɓangaren dutse ya mayar da shi gidansa: nan yake kankarar gansakukar da yake ci, nan yake kiran mace ta zo ta yi ƙwai. Wanda ya matso ya kore shi, wanda aka kora ya yi gaba abinsa, magana ta ƙare. To a cikin akwatin gilashi ina gaban yake? Wanda aka kora ya juya, gilashi ya tare shi, ya dawo. Mai gida ya ga ai wannan ya raina shi, ya sake kora. Haka za su wuni, haka za su kwana, har ranar da za ka tashi ka tsamo gawa.

Malam, wata huɗu suna zaune lafiya, kwatsam ɗaya ya fara dukan kowa. Me ya canza?

Balaga ce. Kifin da ka sayo 'yan yara ne masu tsawon santimita uku ko huɗu, kuma yaran siklid suna yawo tare ba gardama. Da sun kai wajen santimita shida zuwa bakwai, namiji zai fara ƙara launi, ya fara tonon yashi a gindin dutse, ya fara kallon kowa a matsayin ɗan kutse. Mai shago bai yi maka ƙarya ba da ya ce suna zaman lafiya a wurinsa. Yara ne, kuma ba sa daɗewa a akwatinsa balle su kafa gida.

Akwai wani da ake kira auratus, mai ruwan zinariya da zane baƙi da fari daga kai zuwa wutsiya. Yana da kyau, yana da juriya, shi ya sa sababbin shiga suke sonsa. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu ya fara yin duhu, cikinsa ya koma baƙi, to namiji ne ya balaga, kuma a ƙaramin akwati ba ya barin kowa, har matansa.

Ta yaya zan san akwatina ya yi ƙanƙanta?

Ɗauko tef irin na tela. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. Akwatin ƙafa biyu da aka fi sayarwa, 60 da 30 da 30, lita 54 yake ci. Kwatanta shi da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25: jarka biyu ke nan da ɗan ɗoriya, kafin ma a zuba yashi da duwatsu su cinye nasu rabon. A cikin jarka biyu ake so kifi takwas su yi zaman shekaru.

Amma ga siklid, faɗin ƙasa ya fi yawan lita muhimmanci. Su a ƙasa suke raba gida, kamar yadda ake raba fili. Dogon akwati mai siririn gindi, irin wanda ake tsayarwa a kusurwar falo don ado, ko da lita 150 yake ci, fili ɗaya ne tak a ƙasansa, kuma namiji ɗaya zai mallake shi.

Ga mbuna, waɗanda ke kai santimita 10 zuwa 13, ni ba na ba da shawarar abin da bai kai ƙafa huɗu ba, wato santimita 120, lita 200 zuwa sama. Sai dai ƙafa uku na iya ɗaukar iri ɗaya mai sanyin hali, kamar yalo lab, ɗan ruwan ɗorawa mai baƙin layi a baya. Oska guda ɗaya yana buƙatar kusan lita 300, filawahon ma haka, kuma shi kaɗai.

Wani mai bincike, Ronald Oldfield, a wata jami'a da ke jihar Ohayo ta Amurka, ya wallafa nazari a 2011 kan wani siklid da ake kira Midas. Abin da ya gani shi ne faɗa ya ragu sosai ne a babban akwati mai yawan lungu da maɓoya. Abu biyu ke nan tare: fili da kuma shinge.

Yaya zan bambance faɗa da wasa ko neman mace?

Namijin da ke neman mace yakan tsaya a gabanta ya buɗe fukafukai, jikinsa na karkarwa, sannan ya yi gaba zuwa raminsa yana waiwaye ko za ta biyo. Idan ta yarda za ka ga suna zagaye juna a hankali a wuri ɗaya, a ƙasa. Maza biyu ma suna zagaye, amma da sauri, kuma sukan kama bakin juna suna ja kamar 'yan kokawa. Ɗan kore-kore na daƙiƙa biyu, wanda aka kora ya koma harkarsa, wannan zaman siklid ne, kada ya ɗaga maka hankali.

Abin tsoro shi ne kifin da ya bar ƙasa ya koma sama, ya laɓe a bayan filta (matatar ruwan akwatin) ko bayan hita, launinsa ya kwaɗe, ya naɗe fukafukai, ba ya fitowa ko an zuba abinci. Idan da yagewa a wutsiya, ko farin tabo a gefe inda ɓawo ya fita, ko leɓe ya yi fari, to lokaci ya ƙure. Irin wannan kifin ba rauni kaɗai ke kashe shi ba, fargaba ce ke karya garkuwar jikinsa, cuta ta ƙarasa.

Yanzu haka ɗaya yana kwance a kusurwa, an yi masa raga-raga. Me zan yi a daren nan?

Raba su tukuna. Idan ba ka da akwati na biyu, samo bokiti ko baho na roba wanda omo ko sabulu ba su taɓa shiga ba, ka ɗebi ruwan akwatin ka zuba, ka sa bututun iska, ka rufe da faranti ko kwali domin kifin da ya firgita yana tsalle. Ka riƙa canza wani kaso na ruwan bokitin kullum, tunda babu filta a ciki. Ruwa mai tsabta shi ne babban maganin yagewa. Wasu suna ƙara gishiri kaɗan, kamar gram ɗaya zuwa biyu a kowace lita, kuma siklid na jure shi. Matuƙar cizon bai kai tushe ba, wutsiya na sake tsirowa cikin 'yan makonni.

Wata dabarar ita ce ƙaramin kwandon roba mai huji-huji, irin na wanke kayan miya, sabo. Ka ɗaure shi a bakin akwatin ta yadda bakinsa zai ɗan fi ruwa tsawo, ka sa kifin a ciki. Yana cikin ruwansa da ya saba, filta na yi masa aiki, ba mai taɓa shi. Haka kuma za ka iya yanka ragar roba daidai faɗin akwatin ka raba shi gida biyu.

Kada ka kuskura ka yi shingen da gidan sauro. Wanda ake rabawa yana ɗauke da maganin ƙwari, kuma wannan magani guba ce mai ƙarfi ga kifi. Ragar ƙarfe ma a bar ta, tana tsatsa. Tunda maganar ta zo: ranar da za a fesa fiya-fiya a falo, a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Na cire mugun, kwana biyu sai wani ya gaje shi. Duk haka suke?

Sarauta ba ta zama babu mai ita. Wanda kake gani shiru-shiru jiya ba sanyin hali gare shi ba, tsoro ne ya hana shi. Da kujera ta zama babu kowa sai na biyu ya hau, har launinsa ya fito a wuni ɗaya. Na san wanda ya yi ta cire mugu bayan mugu har kifi shida suka koma ɗaya, yana cewa duk ya yi rashin sa'a. Akwatin ne mai ɗaukar namiji ɗaya, ko wane ka bari shi zai zama mugun.

Akwai dabarar da ake yi ta fitar da mai faɗan na mako ɗaya ko biyu, a sauya wa duwatsu zama gaba ɗaya, a mayar da shi da dare bayan an kashe fitila, ya dawo a matsayin baƙo. Takan yi aiki a akwatin ƙafa huɗu. A na ƙafa biyu kuwa kwana uku ya ishe shi ya karɓe mulkinsa.

Idan na ƙara duwatsu da maɓoya, zai taimaka?

Zai taimaka, kuma cikin duk dabarun da ba sa cin kuɗi wannan ce ta fi amfani, amma sai an san yadda ake jera su. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara duwatsu tuli ɗaya a tsakiya. Ka gina wa sarki fada ke nan, daga samanta yana hango kowa. Abin da ake so shi ne a toshe masa gani. Siklid yana korar abin da idonsa ya gani ne, da ya ɓace masa sai ya haƙura. Don haka ka yi tuli biyu ko uku, ɗaya a kowane gefe, masu tsawo har kusa da saman ruwa, da ɗan fili tsakaninsu. Ka tsuguna ka leƙa ta gefen akwatin: idan kana hango ɗaya ƙarshen ba tare da wani abu ya tare ka ba, aikin bai yi ba.

Maɓoya su fi kifin yawa, kuma kowace ta kasance da ƙofa biyu. Rami mai ƙofa ɗaya tarko ne, nan ake ritsa mai rauni.

Kayan yi kuwa Kaduna ba ta rasa su ba. Dutsen kwari da ake gini da shi ba ya canza ruwa, a goge shi da buroshi a wanke da ruwan zafi, ba sabulu. Ƙananan tukwanen ƙasa sababbi, a fasa gindinsu a goge kaifin. Guntayen fayif na roba da masu aikin famfo ke yarwa. Yashin kogi ma yana yi idan an wanke shi har ruwan ya fita garau. Sai dai a lura, siklid maginin rami ne. Ka fara aza manyan duwatsu a kan gilashin ƙasa, gara ma da shimfiɗar roba a ƙarƙashinsu, sannan ka zuba yashi a kewaye. Idan ka aza su a kan yashi zai tone gindinsu, tulin ya rushe a kan kifi ko a kan gilashi.

Shuke-shuke na gaske ba sa daɗewa a hannun mbuna, cinyewa suke yi ko su tumɓuke.

Na ga ana cewa a cika akwatin da kifi da yawa, wai faɗan zai ragu. Gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki, amma ba don mu aka faɗe ta ba. Hikimar ita ce idan kifi goma sha biyar ne a akwati, mai faɗa zai fara korar wannan, wancan ya gitta, ya koma kansa, ya manta da na farko. Dukan ya rarrabu, ba wanda ya sha shi shi kaɗai. Masu kiwon mbuna a Turai da Amurka suna yin haka da gangan. Amma suna yi ne a akwatin ƙafa huɗu zuwa sama, da filta mai ƙarfi, wani lokaci biyu, da canjin ruwa mai yawa duk mako, kuma da wutar da ba ta ƙiftawa. Da mbuna kaɗai ake yi, ba da oska ko konbikt ba.

Mu duba namu halin. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin amoniya a ruwa, wani sinadari mai guba ga kifi. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a soson filta su ke mayar da ita naitirait, wasu su mayar da wannan naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Waɗannan ƙwayoyi da iska suke rayuwa. An ɗauke wuta da ƙarfe goma na dare a watan Afrilu, ruwa ya yi ɗumi, shi kuma ruwan ɗumi iskar da yake riƙewa ba ta kai ta mai sanyi ba, filta ta tsaya, baki goma sha biyar suna jan numfashi a jarka biyu. Ni ya taɓa faruwa da ni, da asuba na tarar duk sun taru a sama suna haki, uku ba su kai hantsi ba. Na gudu daga faɗa na faɗa shaƙewa.

Wanda ke da sola ko inbata da babban akwati, ya gwada. Wanda ba shi da su, ya rage kifi. Kuma kowa ya nemi ƙaramin injin iska mai batir, ko irin wanda ake jonawa da fawa bank, ya haɗa shi da filtar soso. Wannan ɗan abu ya fi fitila mai launi-launi amfani nesa ba kusa ba.

Maza nawa, mata nawa?

Ga mbuna, namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. Namiji ɗaya da mace ɗaya shi ne mafi muni, domin kullum yana nema, ita kuma ba kullum take shirye ba, duk fushinsa a kanta zai ƙare. Maza biyu ma haka. Kuma a guji haɗa iri biyu masu kama da juna, misali shuɗi mai zane da wani shuɗi mai zane, domin namiji ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi.

Kada a dogara da ɗigon ruwan ɗorawa da ke fiffiken ƙasa wajen gane namiji. Maza sun fi yawan ɗigon, amma mata da dama ma suna da shi.

Konbikt da juwel, jan nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi wanda danginsa ke rayuwa a kogunan Afirka ta Yamma, tsarinsu daban ne. Su miji da mata suke zama, su yi ƙwai a kan dutse, su tsare shi tare. Ranar da suka yi ƙwai a ƙaramin akwati, duk wani mai rai a ciki ya zama abokin gaba. Irin waɗannan a ba su ɗakinsu su biyu, kuma ko su biyun a ajiye shinge a kusa.

Ƙanena, wata a cikin nawa ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura. Ciwo ne?

Hajiya, wataƙila ma barka za a yi miki. Macen mbuna a baki take renon ƙwanta, kamar yadda karfasar kogi ke yi. Takan riƙe su kusan mako uku ba ta ci, tana ta motsa baki kamar mai taunar cingam. A wannan lokaci ba ta da ƙarfin gudu, don haka idan namijin ya matsa mata a sa shinge. A kama ta a hankali, domin in ta firgita takan tofar da ƙwan. Bayan ta saki 'ya'yan a bar ta ta ci ta murmure na 'yan kwanaki kafin a mayar da ita. Sai kuma a fara tunanin inda za a kai yaran, tunda akwatin dama ya cika.

Idan kuwa cikin ne ya kumbura ba maƙogwaro ba, ga farin kashi kamar zare, ga haki, wannan ciwon kumburin ciki ne da ke kama kifin Malawi, kuma yana kisa da sauri.

Ko yunwa ce ke sa su faɗa? In ƙara abinci?

Yunwa na ƙara faɗa, ƙoshi ba ya kashe shi. Abin da ya fi shi ne kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, a watsa shi a gefe biyu lokaci guda don kada babba ya tsare wuri ɗaya. Mbuna masu cin gansakuka ne, abincinsu ya zama mai sifirulina (wata irin gansakuka da ake sawa a abincin kifi) ko ganye. Abincin tarwada da ake sayarwa a buhu, wanda da yawa ke ɗiba saboda araha, maiƙo da furotin sun yi masa yawa, yana cikin abin da ke jawo kumburin cikin da na ambata, ga ɓata ruwa. Burodi da tuwo kuwa a bar wa kaji.

Zafi da hunturu suna da hannu a ciki?

Suna da shi. Waɗannan kifaye sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. Idan ruwa ya yi ɗumi jikinsu na ƙara kuzari, sha'awar haihuwa ta tashi, faɗa ya ƙaru, shi ya sa ƙorafi ya fi yawa a Maris da Afrilu. Mai hita ya tsayar da ita wajen 24 ko 25. Lokacin zafi a janye akwatin daga taga, a ɗaga murfi a sa raga, a bar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. A Disamba da Janairu kuma matsalar ta juya: ƙaramin akwati yana saurin yin sanyi da dare, kifin da aka riga aka raunata shi ne farkon kamuwa da cutar farin ɗigo. In babu wuta a lulluɓe akwatin da bargo, a bar 'yar kafar iska.

Canjin ruwa kuwa duk mako, kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu. Ruwan famfo a sa masa maganin cire kulorin. Na rijiya ko burtsatse a gwada shi, domin kifin Malawi ruwa marar tsami suke so, wanda ya kai wajen 8 a ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH. Idan naka ya yi ƙasa, dakakken ɓawon katantanwa ko farar ƙasa ta dutse a cikin filta na ɗaga shi sannu a hankali. Soson filta a ruwan da aka cire daga akwatin ake matse shi, ba a bakin famfo ba.

Zan iya haɗa su da golfish, ko ƙaramar tarwada?

Golfish a'a. Ba shi da gudu, wutsiyarsa doguwa, kuma ruwan sanyi yake so. Tarwada kuma yau ƙarama ce, nan da wata uku ita za ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya da dare. Kurungu ƙanana suna iya zama da mbuna a babban akwati saboda ƙayarsu. A ƙaramin akwati dai ƙarin kowane kifi ƙarin matsala ne.

In sa masa madubi ya riƙa faɗa da kansa?

Na minti kaɗan ba laifi. In ka bar shi nan, ka ba shi abokin gaba ne da ba ya gudu ba ya gajiya.

Mai shago ya ce oska daidai girman akwatinsa yake tsayawa. Haka ne?

Ba haka ba ne. Oska na kai santimita 30 ko fiye, kuma yana iya wuce shekara goma a raye. Wanda ka ga ya tsaya ƙarami a ƙaramin akwati tsumburewa ya yi saboda gurɓataccen ruwa da takura, kuma ba ya yin tsawon rai. Kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Dabbar da ka kulle, haƙƙinta na wuyanka, ko da kifi ce da ba ta kuka.

Gaskiya ba ni da halin babban akwati yanzu. Mece ce mafita?

Duk dabarun da na lissafa a sama lokaci suke saya maka, wata ɗaya ko wata uku. Mafita ta gaskiya ɗaya ce cikin uku: ka ƙara fili, ka rage kifi, ko ka sauya iri.

Ƙara fili bai kai tsadar da ake zato ba idan ba na kanti za ka saya ba. Masu yanka gilashi irin na Panteka za su iya yanka maka, a haɗa da silikon, wato gam ɗin liƙe gilashi, wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, a bar shi ya bushe sarai, a cika shi da ruwa a tsakar gida na kwana biyu kafin ya shiga falo. Akwati mai 120 da 45 da 45 lita 243 yake ci, gilashinsa kada ya gaza milimita 10, da ɗamara a sama. Ka tuna kowace lita kilo ɗaya ce, ga gilashi ga duwatsu, abin zai doshi kilo 300, don haka teburin talabijin ba zai ɗauka ba, sai an yi masa ƙafa ta ƙarfe. Wanda bai damu da kallo ta gefe ba, babban baho ko tankin roba da aka yanke, a inuwa, ya fi wa kifin daɗi a kan kyakkyawan gilashi mai ƙunci.

Rage kifi shi ne ka zaɓi guda ɗaya da ka fi so ka bar shi shi kaɗai. Siklid ba ya kewar 'yan'uwa yadda muke zato, sai ma ya saba da kai, ya riƙa tarbarka in ka shigo. Sauran ka mayar wa mai shago ko da musaya ce da abinci, ko ka ba wanda ke da fili.

Sauya iri kuwa, akwai siklid da aka halitta daidai ƙaramin ɗaki. Kiribensis, mai jan ciki, ɗan ƙasarmu ne daga kogunan kudancin Najeriya da Kamaru, namijin bai cika wuce santimita 10 ba. Miji da mata da tukunya biyu sun isa akwati mai tsawon santimita 75 zuwa 80. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi daga Tafkin Tanganyika, multifasciatus, da ba sa wuce santimita biyar, a cikin ɓawon katantanwa suke zama. Yashi da ɓawo goma sha biyu a akwatin ƙafa biyu, sai ka wuni kana kallon yadda suke kwasar yashi da baki suna zubarwa a ƙofar maƙwabci. Samunsu sai an yi cigiya, wataƙila a kawo maka daga Legas.

In ya gagara, in kai shi Kogin Kaduna in sake?

Kada ka yi. Ko dai ya mutu a kwana ɗaya, ko kuma ya rayu, wanda shi ne ya fi muni. Baƙon kifi kamar konbikt yana da saurin haihuwa, zai yi gogayya da 'ya'yan karfasa wajen abinci da wurin ƙwai, kuma yana iya kai cutar akwati cikin ruwan da masunta ke ci da iyalinsu. Haka dam ɗin Kangimi, haka kududdufin bayan unguwa, tunda damina na haɗa su da kogi. Ka ɗauki hotonsa ka sa a rukunin masu kiwo na WhatsApp ko Facebook, ka rubuta irinsa da tsawonsa, kuma ka faɗi gaskiya cewa yana faɗa, don wanda zai karɓa ya tanadar masa ɗakinsa shi kaɗai.